Wasiƙa: Dan Allah a daina rikita mana lissafi da "ya ninka sau biyu"

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatan wannan jarida tamu, Allah ya ƙara basira, amin. Ranka ya daɗe ni malamin makaranta ne a Zariya, na haura shekara ashirin ina shaƙar ƙurar alli, Turanci aka ɗauke ni in koyar amma ka san halin makarantunmu, ranar da malamin lissafi ya samu canjin wurin aiki sai firinsifal ya ce Malam dan Allah riƙe mana ajin nan na sati biyu kafin a turo wani, to sati biyun nan ne har yau bai ƙare ba. Shi ya sa nake da ƙafa ɗaya a Turanci ɗaya a lissafi, kuma shi ya sa kalmar nan ta double da yadda 'yan jarida ke juya mana ita zuwa Hausa ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya.

Abin da ya tunzura ni na ɗauki biro, ko in ce na ɗauki waya, wani musu ne da aka tafka a majalisarmu wajen mai shayi bayan sallar isha'i. Rediyo na kunne, mai karanta labarai na wata tasha da ba sai na kama suna ba ya ce farashin taki "ya ninka sau biyu". Wani dattijo da ke noma a ƙauyensu ya ce to ai shikenan, buhun da ake saya dubu goma ya koma ashirin kenan. Sai telan unguwarmu ya ajiye kofi ya ce a'a Baba, arba'in dai. Aka ce kai tela ina ruwanka da lissafi, ya ce ai shi wuni yake yana ninke yadi, kuma in ka ninka yadi sau ɗaya ruɓi biyu yake komawa, in ka sake ninkawa ya zama huɗu, to mutumin rediyon nan sau biyu ya ce. Musu ya kaure har mai shayi ya manta da ƙwai a kan wuta. Daga ƙarshe aka juyo kaina, wai Malam kai ne mai boko, raba mana gardama. Na karɓi takardar da aka naɗo burodi a ciki, na ninka ta a gabansu, na ɗaga na ce nawa kuke gani, suka ce biyu. Na ƙara ninkawa, suka ce huɗu. Na ƙara, takwas. Tela ya washe baki ya ce kun gani ko. Sai na ce masa kar ka yi saurin murna, a Hausa kai ne da gaskiya, amma na rantse abin da ke rubuce a takardar Turancin da aka fassara doubled ne, wato dubu ashirin ɗin da Baba ya faɗa. Kowa ya ci, kowa ya faɗi, kuma laifin ba na kowa ba ne a cikinsu.

Wani abin sha'awa da nake yawan nuna wa ɗalibaina shi ne ba mu kaɗai ne muka ɗauko lissafin nan daga ninkin tufafi ba. Ita kanta double ɗin Turawan Ingila aro suka yi daga tsohon Faransanci, su kuma Faransawa suka gada daga Latin, duplus, wadda gaɓarta ta farko biyu take nufi, ta ƙarshen kuma tana da dangantaka da ninkewa. Haka twofold, ai fold ɗin da ke ƙarshenta kalmar ninke kaya ce sak. Kenan Bature ma da zane ya fara tunanin abin kamar Bahaushe. Bambancin kawai shi ya tsayar da magana cewa twofold ruɓi biyu ake ƙirgawa ba yawan ninkawar ba, mu kuma mun bar tamu a sake, wani ya ce ya ninka, wani ya ce ya ninka sau biyu, wani ninki biyu, wani ya ruɓanya, wani ya nunka, kuma duk abu ɗaya suke son faɗa. Ni a nawa ganin, "ya ninka" kawai ta wadatar, in kuma ana son ƙarin haske a ce "ya koma biyunsa" ko "ya zama ninki biyu na yadda yake a da". 'Yan kasuwa ma sun fi mu iya faɗar abin, za ka ji ɗan Kwari ya ce ribar ta kamo uwar kuɗi, ka ga nan babu wanda zai yi musu, ya zuba dubu ɗari ya kwashi dubu ɗari biyu.

Su ma Larabawa ba su tsira daga wannan ruɗanin ba. Kalmarsu ta di'if, wadda ta zo a ayar hana cin riba a Suratu Ali Imrana aya ta 130, inda malamanmu na tafsiri ke fassarawa da ninkin ba ninkin, malaman fiƙihu sun zauna sun tattauna a babin wasiyya kan in mutum ya ce a ba wane di'if ɗin rabon ɗansa nawa za a ba shi, in kuma ya ce di'if biyu nawa ne. To in har malamai sun ga abin ya isa a zauna a kansa saboda haƙƙin mutane, ai ɗan jarida ma bai kamata ya wuce shi da gudu ba.

Inda abin ya fi ɓaci shi ne in aka haɗa da kashi cikin ɗari. Ranka ya daɗe abu in ya ninka, ƙarin da aka samu kashi 100 ne cikin 100, ba 200 ba. In aka ce ya ƙaru da kashi 200, to ya koma ukunsa. Wannan ɗan ƙaramin abu wallahi manyan mutane masu digiri suna faɗawa ramin, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba na ji ana cewa abu ya tashi da kashi 200 alhali daga ɗari ya koma ɗari biyu ne kawai. Mu ɗauki abin da kowa ya sani. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 30,000 ne tun 2019, aka mai da shi 70,000 a watan Yulin 2024. Ya ninka har da ɗoriyar dubu goma, ƙarin kashi 133 kenan da ɗan gutsure, amma bai kai uku ba. Man fetur kuwa, da aka cire tallafi a ƙarshen watan Mayun 2023, daga wajen naira 190 lita ta haura 500 a nan Arewa cikin 'yan kwanaki, wannan ya wuce a ce masa ya ninka, ya tasar wa uku ne, duk wanda ya rubuta ya ninka kawai to ya rage wa talaka zafin abin da ya ji a aljihunsa. Sai harajin VAT da ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 a farkon 2020, wasu suka dinga cewa ai ƙarin kashi biyu da rabi ne kacal, wasu suka ce an ƙara rabi, kuma dukkansu ba ƙarya suka yi ba, ya dangana da abin da kake aunawa, amma dai bai ninka ba ko da wane mudu ka auna.

Akwai kuma ta bayan hannu, wadda ita ce ta fi kama mutane. In kuɗin dala ya ninka, naira rabin darajarta ta rasa, ba dukka ba. 'Yan uwanmu na Nijar sun ga wannan ƙiri-ƙiri a watan Janairun 1994 lokacin da aka karya darajar sefa, faran ɗin Faransa ɗaya da yake sefa 50 aka wayi gari ya koma sefa 100. A takarda an ce an rage darajar kuɗin da kashi 50, a kasuwar Maraɗi da Damagaram kuwa abin da ɗan kasuwa ya gani shi ne kuɗin da zai biya ya shigo da kaya daga waje ya ninka. Magana ɗaya ce aka kalla ta gaba da ta baya. Saboda haka duk sanda na ji an ce naira ta faɗi da kashi 200 sai in riƙe baki, to ta faɗi da kashi 100 ma ai ta ƙare kenan ta zama takardar tsire, ina aka samo sauran ɗarin?

Sai kuma double-digit, wadda na taɓa ji da kunnena an fassara ta da cewa hauhawar farashi ta ninka biyu. Subhanallahi. Abin da ake nufi fa kawai lambar ta kai mai gida biyu, wato daga 10 zuwa 99. Hauhawar kashi 11 ma double-digit ce, ta kashi 30 da wani abu da muka sha a 2024 ma ita ce. A ce "ta kai kashi goma ko fiye" mana, ko a faɗi lambar a huta.

To duk wannan ma'ana ɗaya ce tak daga cikin ma'anonin kalmar, kuma nan ne nake son masu fassara su ɗan nutsu, don double ba kullum take nufin ninki ba. Wani lokacin biyu kawai take nufi a haɗe. Bindigar da ake kira double-barrel ai tuntuni mafarauta suka raɗa mata mai baki biyu. Bas ɗin nan ja ta birnin Landan da ake kira double-decker mai hawa biyu ce, ba mai ninki biyu ba. Double bed gadon mutum biyu ne, haka ɗakin otal. A wasan tanis in an ce doubles ana nufin bibbiyu ake bugawa, biyu nan biyu can. A makaranta muna da double period, darasi biyu a jere ba tashi, wanda ɗalibai suka tsana in na lissafi ne bayan tara. Da can kuma akwai dabul furomoshin, yaro mai ƙwaƙwalwa a tsallakar da shi aji ɗaya, daga aji uku sai biyar, mu dai a zamaninmu wanda aka yi wa haka har aljanu ake cewa yana da su. Harafin W ma da muke kira dabulyu ai U biyu ake nufi, Faransawa kuma suka ce a'a V biyu ne, in ka dubi yadda ake rubuta shi sai ka ga kamar sun fi gaskiya.

Wannan ta lambar waya kuwa ni kaina ta taɓa ci na. Wani ɗalibina da ya gama ya tafi Legas ya kira wayar maƙwabcina ya bar saƙon sabuwar lambarsa, yana karantowa da Turanci irin na 'yan birni, ya zo wajen uku biyu a jere ya ce dabul tiri, maƙwabcin nawa bawan Allah ɗan kasuwa ne mai saurin lissafi sai ya ninka ukun ya rubuta shida. Na ƙirga lambar na ga goma ce maimakon sha ɗaya, kwana biyu ina juya ta ina ƙara sifili a nan ina cirewa a can, har na kira wata mata a Fatakwal ta wanke ni tas da yaren da ban ji ba, kafin yaron ya sake kira mu gano inda gizo ke saƙa.

Masu labarin wasanni su ma ga nasu. In aka ce ƙungiya ta yi the double ana nufin ta haɗa kofi biyu a kaka ɗaya, galibi na lig da na ƙalubale, kamar yadda Arsenal ta yi a 1971 da 1998 da 2002, in uku ne kuma shi ne treble irin na Manchester United a 1999. Ɗan wasa kuma in ya zura biyu a wasa ɗaya, kamar yadda Ahmed Musa ya yi wa Ajantina a 2014 ya sake yi wa Iceland a 2018, Turawa kan ce brace, wani lokacin su ce double. A nan kam ba ni da ƙorafi sosai, masu sharhin ƙwallo sun fi kowa sakin jiki da Hausa, ya ci biyu rigis, magana ta ƙare.

Sannan akwai inda kalmar take nufin mutum. In Bature ya ce wane double ɗinka ne, yana nufin kun yi kama kamar an tsaga kara. A harkar fim ma akwai wanda ake sakawa ya yi tsalle daga bene ko ya faɗo daga babur a madadin jarumin, shi ma sunansa kenan. Ka ga wannan in ka ce masa ninki ai ka yi ɓarna, mai kama da shi ne ko madadinsa, kuma Bahaushe ya riga ya ce kama da wane ba ta wane.

Wani ɓangaren da ya fi burge ni shi ne yadda harsunan biyu suka haɗu a kan cewa biyu tana da warin rashin gaskiya. Double agent ɗan leƙen asirin da ke ci nan ya ci can, double-dealing da double-cross cin amana da yaudara, mu kuma muna da mai baki biyu da mai fuska biyu, har da zuciya biyu ta mai kokwanto. Double standard da 'yan siyasa ke yawan jifan juna da ita, na sha ganin an rubuta "ma'auni biyu" wanda ba laifi, amma ni da za a bi tawa da mudu biyu aka ce, don duk wanda ya taɓa shiga kasuwar hatsi ya san mai awon da ke da mudun saye daban na sayarwa daban, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Amma fa a kula, ba duk biyu ce ta mugunta ba, double-check sake dubawa ne don a tabbatar, on the double kuma da sojoji ke faɗa maza-maza ake nufi, a guje. Kamar dai yadda in aka ce mace na da juna biyu ba wanda zai je neman ninki a ciki.

'Yan uwan kalmar ma kowacce da gidanta, ba a musanya su haka kawai. Twice sau biyu ce ta maimaici, ka je Kano twice ka je sau biyu, ba za a ce ka je double ba. Twofold ta fi zama a rubutun rahoto da na masana, ba ka cika jin ta a bakin mutane a hira ba. Dual abu ɗaya ne mai ɓangare biyu ko aiki biyu, kamar waya mai layi biyu, ko mai takardar zama ɗan ƙasa biyu, ko titin Kaduna zuwa Kano da muke kira tagwayen hanya, wanda ni a ganina fassara ce da ta yi kyau ƙwarai duk wanda ya fara ta Allah ya saka masa. Duplicate kwafi ne, kamar makullin da ka kai aka yanko maka irinsa ko rasit na biyu da ke zama a littafi. Twin tagwaye. Pair abu biyu ne da ba sa rabuwa kamar takalmi, wanda mu ƙafa ɗaya muke ce wa biyun a haɗe, couple kuma ma'aurata ko kamar guda biyu haka. Ɗalibi ya buɗe ƙamus ko ya tambayi waya ta jero masa su a layi ɗaya a matsayin masu ma'ana ɗaya, sai ya zaci duk wadda ya dama ya ɗauka, daga nan sai ka ga an rubuta maka I ate dual eggs a jarabawa, wallahi na taɓa makin irin wannan.

Kuma ba wasa ba ne sanin ƙarfin ninki. Duk shekara ina yi wa 'yan ajina tambaya ɗaya, in ce wa zai karɓi naira miliyan ɗaya yanzu, wa kuma zai karɓi naira ɗaya da za a dinga ninka masa kullum har kwana talatin. Kusan duk ajin miliyan suke ɗaga wa hannu. Sai mu hau allo, ɗaya, biyu, huɗu, takwas, a kwana na goma 512 ce kacal suna ta dariya, a kwana na ashirin ta wuce dubu ɗari biyar dariya ta fara raguwa, a kwana na talatin 536,870,912, sai ka ji aji ya yi tsit. Daga nan nake shigar musu da maganar masu cewa kawo kuɗinka a ninka maka cikin sati biyu, in ce su lissafa da kansu, in da gaske mutum na iya ninka kuɗi duk sati biyu me zai yi da dubu hamsin ɗinka, ai cikin shekara ɗaya da ya sayi garin nan da mutanen ciki. Mutane nawa ne a unguwanninmu, har da matan aure da suka sayar da ɗan kunne da akuya, aka wanke da kalmar nan guda ɗaya.

Roƙona gare ka ranka ya daɗe, da sauran editoci da masu fassara a gidajen rediyo da talabijin, guda biyu ne kuma ba masu tsada ba. Na farko in doubled aka rubuta a ce "ya ninka" a tsaya nan, in tripled ne a ce ya koma ninki uku na yadda yake, a bar "ya ninka sau biyu" ɗin nan tunda tela da manomi ba su ji ta iri ɗaya ba. Na biyu kuma wanda ya fi muhimmanci, a dinga faɗar lambobin, daga nawa zuwa nawa, ko da kuwa za a ƙara layi ɗaya a labarin. Da mai labaran nan ya ce daga kaza zuwa kaza, da ƙwan mai shayinmu bai ƙone ba, don har yau yana bi na kuɗinsa wai ni na tsawaita musun da ninke-ninken takarda.

Na gode da ba ni fili. A gaida ma'aikata.

Naku,
Wani malamin makaranta,
Zariya, Jihar Kaduna.